Me ya sa duniya ta mutu a kan wasan da ake iya tashi babu ci?

Tambaya: Ni ba ma'abocin ƙwallo ba ne, sai lokacin gasar cin kofin duniya nake ɗan leƙawa saboda kowa zancenta yake yi. Abin da ke ɗaure mini kai shi ne yadda mutane za su share minti 90 suna kallo, a tashi babu wanda ya ci, su kuma ce wasa ya yi daɗi. Me ya sa ƙwallon ƙafa ta fi sauran wasanni farin jini a duniya? Sannan a taimaka mini da dokokinta, musamman satar gida, don an sha yi mini bayani ban gane ba.

Amsa: Ɗan'uwa, tambayoyinka biyu ne, amma igiya ɗaya ta ɗaure su. Ƙarancin cin da kake kallo a matsayin aibi, shi ne babban jarin wasan. Dokokin kuma, in ka bi su a tsanake, za ka tarar yawancinsu aiki ɗaya suke yi: su sa zura ƙwallo a raga ya yi wuya, amma kada ya gagara. Na daɗe ina horar da matasa ina kuma busa wasanninsu, kuma da wannan ma'aunin nake koyar da doka, domin wanda ya san dalilin da ya sa aka kafa ta ba ya saurin mantawa da ita.

Mu fara da amsar da kowa ke bayarwa, tunda gaskiya ce: ƙwallo ba ta da tsada. Ƙwallon kwando sai an rataya kwando an sami daɓe mai tauri, tanis sai da raket da raga, hokin ƙanƙara kuwa sai ƙasar da Allah ya ba ƙanƙara ko mai kuɗin yin ta. Ƙwallon ƙafa abu mai gangarawa kawai take nema, da duwatsu biyu a madadin turaku. Yaro ɗaya zai buga da bango, uku za su ware gola ɗaya sauran biyun su kara, ashirin da biyu su yi cikakken wasa. Ba ta kuma zaɓen jiki. Tsayin Maradona mita 1.65 ne, na Messi 1.70, Peter Crouch ya ɗan haura mita 2. Garrincha na Brazil da karkatattun ƙafafu aka haife shi, ɗaya ta fi ɗaya tsawo, amma ya ɗauki kofin duniya a 1958 da 1962. A ƙwallon kwando gajeren mutum da bashi yake shiga fili, a nan kuwa gajartar ma sau da yawa ita ke ba shi damar juyawa kafin dogo ya ankara.

Sai dai arha kaɗai ba ta isa hujja ba. Tsere ya fi ƙwallo arha, amma ba a cika filin mutum dubu sittin duk mako don kallon masu gudu. Ba a nan gizo ke saƙar ba.

Sirrin yana cikin hana hannu. Hannun ɗan Adam ya ƙware wajen kamawa da jifa, abin da ka riƙe ya zama naka har sai an ƙwace. Ƙafa ba ta riƙe komai. Duk gwanintar ɗan wasa, ƙwallon tana gabansa ne a sake, taɓa ta kawai yake yi yana bi, kowane lokaci wani na iya sa ƙafa ya ɗauke. Don haka kuskure ya yi yawa, hari goma sai tara su lalace a hanya. A gasar kofin duniya ta Qatar a 2022 an ci ƙwallo 172 a wasa 64, wato ko uku ba a kai ba a kowane wasa. A gasar ƙwallon kwando ta Amurka kuwa kowane ɓangare kan haura maki ɗari a dare guda. Yanzu duba abin da wannan bambancin ke haifarwa. Inda ake ci sau ɗari, kuskure ɗaya ba ya komai, za a rama shi cikin daƙiƙa ashirin, kuma a ƙarshe wanda ya fi ƙarfi kusan kullum shi ke nasara. Inda ci ɗaya ke iya raba gardama, mai ƙaramin ƙarfi yana da hanya: ya toshe gidansa, ya jure, ya jira dama guda.

Ranar 8 ga Yuni 1990, a filin San Siro na birnin Milan, Ajantina mai riƙe da kofi, da Maradona a ciki, ta buɗe gasar duniya da Kamaru. Bayan an dawo hutun rabin lokaci aka ba André Kana-Biyik jan kati, Kamaru ta koma mutum goma. Minti kaɗan bayan haka ɗan'uwansa François Omam-Biyik ya yi tsalle sama da kowa ya sa kai. Bugun ma ba shi da wani ƙarfi, amma ƙwallon ta kufce wa gola Nery Pumpido ta gangara cikin raga. Daf da tashi Claudio Caniggia na Ajantina ya taho da gudu, ya tsallake mutum biyu da suka kawo masa keta, na uku, Benjamin Massing, ya yi ciki da shi har takalminsa ya fita, shi ma aka kore shi. Da mutum tara Kamaru ta ƙarasa wasan, aka tashi 1-0. Irin wannan ba sau ɗaya ba ne: Amurka ta doke Ingila a 1950, Koriya ta Arewa ta kori Italiya a 1966, Senegal ta kayar da Faransa a 2002, Girka ta ɗauke kofin Turai a 2004, Leicester ta lashe Firimiya a 2016. Mai goyon bayan ƙaramar ƙungiya bai taɓa shiga fili ba tare da dalilin sa rai ba, kuma ƙananan ƙungiyoyi da ƙananan ƙasashe su ne mafi yawa a duniya.

Ƙara da cewa agogon wasan ba ya tsayawa. Minti 45 ake yi a jere, babu kocin da ke da ikon dakatar da wasa don ya ja kunnen yaransa. Fargaba taruwa take yi a ƙirji ba inda za ta fita, shi ya sa idan ƙwallo ta shiga raga za ka ga dattijo mai kamala ya rungume wanda bai taɓa gani ba. Mai kallon da ya ce maka canjaras babu ci ya yi daɗi, minti 90 ya yi yana jiran abin da ke iya faruwa a kowace daƙiƙa. Amma kada kowa ya ruɗe ka, akwai 0-0 da ba ta da komai sai ɓata lokaci, ƙungiyoyi biyu kowa na tsoron kowa. Masu son ƙwallo ba sa son amsa wannan a gaban wanda ba ya kallo, a tsakaninsu kuwa sun fi kowa tsinuwa a kai.

Akwai kuma sa'ar tarihi. A ranar 26 ga Oktoba 1863 wakilan wasu ƙungiyoyi suka zauna a Landan suka kafa hukumar ƙwallo ta Ingila, FA. Kafin nan kowace makaranta da irin tata ƙwallon, wasu na ɗauka da hannu su ruga, wasu sun halatta harbin ƙwaurin abokin karawa. A kan waɗannan biyun aka rabu, ƙungiyar Blackheath ta fice, masu ra'ayinta suka kama hanyar ragbi. Wannan ya zo daidai lokacin da ma'aikatan masana'antu suka fara samun hutun yammacin Asabar, jirgin ƙasa kuma ya haɗa garuruwa. Ma'aikatan layin dogo ne suka kafa ƙungiyar da ta zama Manchester United a 1878, ma'aikatan masana'antar makamai suka kafa Arsenal a 1886. An halatta biyan 'yan wasa a 1885, aka fara gasar lig da ƙungiya 12 a 1888. Daga nan matuƙan jirgin ruwa da injiniyoyi da 'yan kasuwar Birtaniya suka yi ta yawo da ita. Peñarol ta Uruguay daga kamfanin jirgin ƙasa na Turawan Ingila ta samo asali, Genoa ta Italiya su suka kafa ta a 1893, Charles Miller kuma ya koma São Paulo daga karatu a Ingila a 1894 da ƙwallo da littafin doka a jaka. Ƙasashe bakwai ne suka kafa FIFA a Paris a 1904. Yau mambobinta 211, alhali na Majalisar Ɗinkin Duniya 193. Gasar kofin duniya da aka fara da ƙasa 13 a Uruguay a 1930 ta kai 48 a ta 2026.

Inda ƙwallo ta tarar wani wasa ya riga ya kafu, ba ta zama ta ɗaya ba. Amurka na da besbol da irin tata ƙwallon, Indiya ta rungumi kurket, Ostireliya na da nata. Wannan ya nuna maka cewa son wasa gado ne fiye da zaɓi, yawanci mutum ƙungiyar da ya buɗe ido ya ga ana so a gidansu, ko wadda ke tashe yana yaro, ita zai bi har tsufa. Mata ma ba yau suka fara ba: a Disambar 1920 mutum kusan 53,000 suka cika filin Goodison Park na birnin Liverpool don kallon wasan mata, shekara ɗaya bayan haka FA ta hana su filayenta, haramcin da ya kai shekara hamsin.

To, dokoki. Guda 17 ne, kuma ba FIFA ce kaɗai ke da su ba. Wata hukuma ce mai suna IFAB, da aka kafa a 1886, inda Ingila, Scotland, Wales da Ireland ta Arewa ke da ƙuri'a ɗai-ɗai, FIFA na da huɗu, kuma ba a sauya komai sai da ƙuri'a shida. Shi ya sa dokokin ke tafiyar hawainiya, ni kuwa ina ganin alheri ne. Yawancinsu ba sa buƙatar dogon bayani. Mutum 11 kowane ɓangare, ɗaya gola, idan suka gaza bakwai ba a ci gaba. Faɗin raga mita 7.32, tsayinta 2.44. Ƙwallo ta fita ta gefe, a yi jifa da hannu biyu ta saman kai. Ta fita ta layin ƙarshe, in masu hari ne suka taɓa ta daga ƙarshe gola ya buga, in masu gida ne a yi kwana. Abu ɗaya da za ka riƙe a nan: ƙwallo ba ta fita ba, ba ta kuma shiga raga ba, sai dukkanta ta tsallake dukkan layin, a ƙasa ko a sama. A 2022 kowa ya rantse ƙwallon da Kaoru Mitoma na Japan ya jawo daga layin ƙarshe a wasansu da Sifaniya ta fita, domin inda ta taɓa ƙasa yana waje. Amma cikinta da ya bultso yana saman layin da ɗan ƙiris. Aka bar cin, Japan ta yi nasara, Jamus ta tattara ta koma gida.

Yanzu satar gida. Abin da ke rikita mutane shi ne suna kallon inda ɗan wasa ya karɓi ƙwallo, alhali doka tana kallon inda yake a lokacin da abokinsa ya bugo masa. Ka ɗauka an tsayar da hoton daidai sa'ad da ƙafar mai ba da fasin ta taɓa ƙwallo. A cikin wannan hoton sai ka duba wanda ake nufi da ita. Yana cikin rabin filin abokan karawa? Ya fi ƙwallon kusa da layin ragarsu? Sannan tsakaninsa da wannan layin, abokan karawa ba su kai biyu ba? In duk ukun amsarsu e ce, yana wurin satar gida. In ɗaya ta faɗi, ya tsira. Wanda ya taso daga rabin filinsu bai yi laifi ba ko da babu kowa a gabansa. Wanda ke bayan ƙwallo bai yi laifi ba, shi ya sa mutum biyu za su tsere wa kowa, ɗaya ya gangara wa na bayansa ya ci. Wanda ya yi kafaɗa da kafaɗa da ɗan baya shi ma lafiya lau. Ana auna kai da gangar jiki da ƙafa, ban da hannu, tunda ba a ci da shi.

Lura da cewa mutum biyu na ce, ban ce ɗan baya na ƙarshe ba. Mutane na cewa na ƙarshe ne saboda gola kusan kullum yana can baya, shi ne ɗaya daga cikin biyun ba tare da an ƙirga shi ba. Ranar da ya baro gidansa lissafi ya sauya. A wasan buɗe gasar duniya ta 2010 tsakanin Afirka ta Kudu da Mexico, an bugo kwana, golan Afirka ta Kudu Itumeleng Khune ya fito ya tare bai samu ba, wani ɗan Mexico ya goga mata kai ta je wa Carlos Vela ya tura ta raga. Mataimakin alƙali ya ɗaga tuta. Mutane da yawa suka yi ca, ga ɗan baya can tsaye a kan layin raga, ina satar gida? Amma shi kaɗai ne tsakanin Vela da layin, golan ya riga ya wuce gaba. Ɗaya ne, ba biyu ba, kuma hukuncin daidai ne.

Tsayawa a wurin satar gida shi kaɗai ba laifi ba ne. Sai mutum ya taɓa ƙwallon, ko ya tare wa gola gani, ko ya hana ɗan baya kai wa gare ta, ko ta dawo daga turke ko hannun gola ya amfana. Babu kuma satar gida a jifa, da kwana, da bugun gola daga gida.

Me ya kawo wannan wahalar duka? Ka cire dokar a ranka ka gani. Kowace ƙungiya za ta dasa dogon mutum ko biyu a gaban golan abokan karawa, 'yan baya su koma su tsaya tare da su, a yi ta ɗaga ƙwallo daga wannan ƙarshe zuwa wancan. Tsakiyar fili ta mutu, da fasin, da yanka, da dabara. Dokar satar gida ita ce ta ba 'yan baya ikon shata iyaka: inda suka tsaya, nan filin masu hari ya ƙare. Shi ya sa a filin da ya haura mita 100 za ka ga mutum ashirin sun cure a wajen sulusinsa. Kuma a nan cacar take. In 'yan baya suka matso gaba, sun matse abokan karawa, amma sun bar fili fetal a bayansu. In suka ja baya, sun rufe wannan filin, amma sun gayyato hari har ƙofar gida. Saudiyya ta buga wannan cacar da Ajantina a 2022. Ajantina ta zo da wasa 36 ba a doke ta ba, Messi ya ci fenariti tun minti na 10. Duk da haka 'yan bayan Saudiyya suka ƙi ja da baya, suka tsaya a layi ɗaya can kusa da tsakiya. Sau uku Ajantina ta zura ƙwallo kafin hutu, sau uku ana sokewa. Aka dawo, Saleh Al-Shehri da Salem Al-Dawsari suka ci biyu cikin minti biyar. In za ka kalli wasa na gaba, ɗauke idonka daga ƙwallo na minti goma, ka bi mataimakin alƙalin da ke gudu a gefe. Yawanci yana daidai da ɗan baya na biyu daga ƙarshe, in an haɗa da gola, shi ne layin da kansa. Za ka ga masu hari suna tafiya a kansa, suna lanƙwasa gudunsu don kada su tsallake kafin lokaci.

Tarihin dokar ma ya tabbatar da abin da na faɗa tun farko. Daga 1866 mutum uku ake buƙata. 'Yan baya irin su Bill McCracken na Newcastle suka gwanance wajen taku ɗaya gaba su bar ɗan gaba a tarko, har ci ya yi ƙaranci 'yan kallo suka fara gundura. A 1925 aka mai da shi biyu. A babban rukunin Ingila ƙwallayen da aka ci suka tashi daga 1,192 zuwa 1,703 a kaka ɗaya, Dixie Dean na Everton ya ci 60 shi kaɗai a kakar 1927-28. Sai koci Herbert Chapman na Arsenal ya janye ɗan tsakiya ɗaya ya mai da shi baya, sauran suka kwaikwaya, ma'auni ya sake daidaita. A 1990 aka ƙara sassautawa, aka ce wanda ya yi daidai da ɗan baya bai yi laifi ba. Gasar duniya ta wannan shekarar ta fi kowacce ƙarancin ci, 2.21 a kowane wasa, saboda ƙungiyar da ke gaba sai ta yi ta mayar wa gola yana kamawa yana kwanciya a kai. A 1992 aka hana gola kama ƙwallon da ɗan wasansa ya bugo masa da ƙafa da gangan. Wannan layi ɗaya a littafin doka shi ya haifar da gololi irin su Neuer da Ederson, masu wasa da ƙafa kamar 'yan tsakiya. A 2025 kuma aka ce golan da ya riƙe ƙwallo fiye da daƙiƙa 8, a ba abokan karawa kwana.

Keta kuwa mataki uku ce a idon alƙali. In sakaci ne, bugun tazara kawai. In ganganci ne ba tare da damuwa da lafiyar abokin karawa ba, katin gargaɗi. In ƙarfin ya wuce kima har zai iya raunata mutum, jan kati, kuma ba a maye gurbin wanda aka kora. Za ka ji 'yan kallo na ihu cewa ai ƙwallo ya fara taɓawa. Babu wannan a doka. Kana iya taɓa ƙwallo ka kuma karya mutum, jan katinka na nan. A bugun tazara masu katanga su ja baya mita 9.15, in ka ga alƙali ya ɗaga hannu sama ya bar shi, to irin wanda ba a ci kai tsaye ne, sai wani ya taɓa. Laifin da ya cancanci bugun kai tsaye, in mai gida ya yi shi cikin yadi na 18, wato babban akwatin da aka zana a gaban raga, ya zama fenariti daga mita 11, kuma wajen uku cikin huɗu shiga suke. A wasan da ba a cin uku, ka ga girman hukuncin, ka kuma ga dalilin da ya sa 'yan wasa ke zubewa da an shafe su. Su katunan ma ba su daɗe ba. A 1966 alƙali Bajamushe ya kori kyaftin ɗin Ajantina Antonio Rattín a wasansu da Ingila, babu mai jin yaren wani, aka ɓata mintuna kafin ya fita. Ken Aston, shugaban alƙalan gasar, ya ɗauko dabarar launi daga fitilar ba da hannu ta kan titi, aka fara amfani da ita a Mexico a 1970.

Taɓa ƙwallo da hannu ita ce dokar da ta fi ba mu alƙalai ciwon kai. Ba duk taɓawa ce laifi ba. Laifi ne in da gangan ne, ko mutum ya baza hannu ya ƙara wa jikinsa faɗi ba tare da motsin da yake yi ya buƙaci hakan ba, ko ya ci ƙwallo da hannun ko da bisa kuskure. Alƙalai biyu na iya kallon abu ɗaya su saɓa, kuma duk gyaran da IFAB ta yi wa lafazin bai kashe gardamar ba. Wani lokaci ma doka ta yi aikinta tsaf amma zuciya ta ƙi yarda. A Johannesburg a 2010, Ghana da Uruguay suna 1-1 a minti na ƙarshe na ƙarin lokaci, Dominic Adiyiah na Ghana ya sa kai, ƙwallo za ta shiga, Luis Suárez na Uruguay ya doke ta da hannu a kan layi. Alƙali ya ba shi jan kati, ya ba da fenariti. Asamoah Gyan ya buga ta daki turken sama, ta leƙo ta koma, Uruguay ta wuce a bugun raba gardama. A ragbi alƙali na iya ba da cin da aka hana ta hanyar laifi. A ƙwallon ƙafa babu wannan, sai ta shiga. Abin ya yi ciwo, amma ba na goyon bayan a sauya, domin ranar da aka ba alƙali ikon rubuta cin da bai faru ba, gardamar da za ta biyo baya sai ta fi wannan muni.

Na'ura fa? Wadda ke tantance ko ƙwallo ta tsallake layin raga, wadda aka kawo bayan an hana Frank Lampard na Ingila cinsa a fili ƙarara a wasan Ingila da Jamus a 2010, ba ni da ja a kanta. Tambaya ce ta e ko a'a, agogon hannun alƙali ya ba shi amsa cikin daƙiƙa. VAR, wato na'urar sake duba wasa ta bidiyo, da ta shigo gasar duniya a 2018, an kawo ta ne don kuskure bayyananne a abu huɗu: ci, fenariti, jan kati kai tsaye, da hukunta wanda ba shi ya yi laifi ba. Ta gyara zalunci da dama, da tana nan a 1986 da cin da Maradona ya yi wa Ingila da hannu bai tsaya ba. Amma tana karɓar kuɗinta daga wuri mafi tsada. Wannan ihun na lokacin da ƙwallo ta shiga, wanda aka yi awa guda ana tara shi, yanzu mutum rabinsa yake yi yana satar kallon alƙali ko ya sa yatsa a kunne. An kafa dokar satar gida don hana zaman dirshan a gaban gola, yau ana soke ci saboda kan yatsan ƙafa.

Arsène Wenger, wanda ke kula da bunƙasa wasan a FIFA, ya kawo shawarar a juya ma'aunin: muddin wani sashe na jikin ɗan gaba da ake iya ci da shi yana daidai da ɗan baya, a bar shi ya wuce. Masu goyon baya na cewa ci zai ƙaru. Ni ina shakka. Layin dai yana nan, an matsar da shi ne kawai, za a ci gaba da auna santimita a sabon wurin. Kuma kocin da ya ga an ba ɗan gaba tazarar taku guda ba zai bar 'yan bayansa a tsakiyar fili ba, janye su zai yi zuwa bakin yadi na 18, kamar yadda Chapman ya ƙara mutum a baya bayan gyaran 1925.